Maude Kegg, Goyon Kaka a Bakin Tafkin Mille Lacs

Babu wanda ya rubuta ranar da aka haifi Maude Kegg. Abin da danginta suka riƙe shi ne a shekarar 1904 ne, lokacin girbin shinkafar tafki, cikin wata bukka kusa da tafkin Portage a gundumar Crow Wing ta jihar Minnesota, can arewacin Amurka. Daga baya ita da kanta ta zaɓi 26 ga Agusta ta ce ita ce ranar haihuwarta, domin a ƙarshen Agusta ake fara shiga ruwa girbi. Sunanta na yanka a harshen mutanenta Naawakamigookwe. Ta rasu ranar 6 ga Janairu 1996 tana da shekara 91, ta bar zuriya mai yawa daga 'ya'ya goma sha ɗaya da ta haifa, ta kuma bar littattafai a harshen da gwamnatin ƙasarta ta shafe shekaru tana ƙoƙarin cire shi daga bakin yara.

Mutanenta su ne waɗanda takardun gwamnatin Amurka ke kira Chippewa, wasu su ce Ojibwe, su kuwa Anishinaabe suke kiran kansu. Suna cikin al'ummomi mafi yawa a 'yan asalin Arewacin Amurka, suna zaune kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, daga Michigan da Wisconsin da Minnesota har Ontario da Manitoba. Tarihinsu na baka ya ce daga gabas suka taso, wajen bakin teku, da umarnin su yi ta nausawa yamma har sai sun iske inda abinci ke tsirowa a kan ruwa. Abincin nan shi ne manoomin, shinkafar da ke fitowa da kanta a tafkuna da koguna marasa zurfi, ba tare da kowa ya shuka ba. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 wani reshe nasu ya kafu a bakin tafkin Mille Lacs, inda mutanen Dakota suka riga su zama. Daga wannan reshen Maude ta fito.

Kafin a haife ta an riga an yi wa ƙasarsu kaca-kaca da alƙalami. A 1837 shugabannin Ojibwe suka sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Amurka miliyoyin eka na ƙasa a yankin da yau ake kira Wisconsin da Minnesota, amma suka tsaya kai da fata sai an rubuta musu cewa za su ci gaba da farauta da kamun kifi da girbin shinkafa a ƙasar da suka bayar. A 1850 shugaba Zachary Taylor ya ba da umarnin soke wannan haƙƙi da tayar da su. A shekarar nan aka mayar da wurin biyan kuɗin yarjejeniya zuwa tafkin Sandy, aka tara dubban mutane suna jiran kuɗi da abincin da bai zo kan lokaci ba, hunturu ya rutsa da su, kimanin mutum 400 suka mutu saboda cuta da yunwa da sanyi. A 1855 aka keɓe wa mutanen Mille Lacs yanki mai faɗin eka kusan 61,000 a kudancin tafkin. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Dakota da Amurka a 1862, mutanen Mille Lacs suka ƙi ɗaukar makami a kan Turawa, saboda haka yarjejeniyoyin 1863 da 1864 suka yi musu alkawarin ba za a tilasta musu tashi ba muddin ba su taɓa baƙin da ke kewaye da su ba.

Alkawarin bai hana komai ba. Dajinsu cike yake da manyan bishiyoyin katako, kamfanoni kuma sun sa ido. Dokar Nelson ta 1889 ta nufi a kwashe yawancin Ojibwe na Minnesota a tara su a keɓaɓɓen yankin White Earth, a raba sauran ƙasar. Da yawa sun tafi, wasu da lallashi, wasu da yunwa. A farkon ƙarni na 20 har ƙone gidajen waɗanda suka ƙi tashi aka yi. 'Yan ɗaruruwa kaɗan suka rage, ba su da takardar fili ko ɗaya a ƙasar kakanninsu, suka dai ce ba inda za su. Su ne aka riƙa kira waɗanda ba sa tasuwa, kuma zuriyarsu na alfahari da wannan suna har yau. Mahaifin Maude, Charles Mitchell, yana cikinsu.

Mahaifiyarta, Nancy Pine, ba ta rayu ta raine ta ba. Sai riƙonta ya koma hannun kakarta ta wajen uwa, Margaret Pine, wadda ake kira Aazhawakamigookwe, tare da 'yan'uwan mahaifiyarta mata. A ganina duk abin da Maude ta zama daga baya daga wannan maraicin ya samo tushe. Yarinyar da ta tashi a gindin tsohuwa takan ji maganar da sa'o'inta ba su ji ba, ta ga aikin da iyayen zamani suka fara saki. Margaret Pine ta san rayuwar da aka yi tun kafin masu saran katako su cika dajin, harshenta kuma tsantsar Ojibwe ne. Da shi ta yi wa jikarta faɗa, da shi ta aike ta, da shi ta ba ta labari.

Akwai kuma wani abin da ya tsallake ta, wanda bai tsallake dubban yaran zamaninta ba. Tun daga 1879, da aka buɗe makarantar Carlisle a Pennsylvania, gwamnatin Amurka ta ɗauki manufar raba yaran 'yan asalin ƙasa da iyayensu, a kai su makarantun kwana masu nisa. A can ake aske musu gashi, a sauya musu suna da sutura, a hukunta duk wanda aka ji yana magana da harshen gida. A Minnesota ma akwai irinsu, kamar ta Pipestone. Yara da yawa sun dawo ba sa iya gaisawa da kakanninsu. Wasu sun dawo da harshen a baki amma suka ƙi koya wa 'ya'yansu, don kada su sha irin wuyar da suka sha, kuma ban ga wanda ya isa ya zarge su ba. Maude kuwa makarantar ƙauye ta Esdon ta yi, ta jeka-ka-dawo, ita kaɗai ce 'yar asalin ƙasa a cikin 'ya'yan manoma Turawa, har ta kammala aji takwas. Da rana Turanci, da yamma ta dawo gaban kakarta. Haka ta tashi da harshe biyu, babu wanda ya ture wani.

Gidansu yana bin shekara ne yadda kakanni suka bi ta. Da hunturu suna cikin gida, sauran watannin kuma suna inda abinci yake. Wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narkar da ƙanƙara, ruwa mai zaƙi yakan hau jikin bishiyar mapul. Sai iyali su tare a dajin sukari. A tsaga jikin bishiya, a soka ɗan itace, a tara ruwan a ƙananan akusa na ɓawon wata bishiya mai farin jiki da suke kira wiigwaas, a juye cikin manyan tukwanen ƙarfe, a yi ta hura wuta dare da rana. Sai an ƙone ruwa kusan lita 40 kafin a sami lita guda ta zuma mai kauri, daga nan a ci gaba da dafawa, a zuba a kwamin itace, a yi ta juyawa har ya zama gari. Wannan sukarin shi ne kayan ɗanɗanonsu na shekara, har a kifi da nama ake sa shi. Mata ke riƙe da dajin sukari, kowace da nata sashen da aka san ta da shi. Da zafi ya shigo sai a koma tsinkar 'ya'yan itatuwa ana shanyawa, a ɓare ɓawon bishiya na rufin bukka da kwanduna, a kafa taru a tafki.

Amma babban aikin shekara shi ne shinkafa. A wancan zamani, makonni kafin ta nuna, mata kan shiga ruwa su ɗaure zangarniyoyi dami-dami da igiyar ɓawo, kowace da irin ƙullinta, don a san gonar wa ce, don kuma iska da tsuntsaye kada su riga su. Ranar girbi ba a fara komai sai an zuba taba a ruwa an yi godiya. Mutum biyu ke shiga kwalekwale. Ɗaya yana tsaye da doguwar gora mai baki biyu yana tura jirgin a hankali cikin ciyawar da ta fi tsayin mutum, domin filafili zai tumɓuke saiwa. Ɗayar tana zaune da sanduna biyu marasa nauyi, ta tanƙwaro zangarniya da ɗaya, ta shafe ta da ɗayar, ƙwayar da ta nuna ta zubo cikin jirgi. Ba a dukan ta da ƙarfi. Shinkafar ba ta nuna lokaci guda, saboda haka wadda ba ta kai ba a bar ta sai an dawo bayan 'yan kwanaki, wadda kuma ta faɗa ruwa ita ce irin baɗi. Mai gaggawa a nan yakan karya kara ya kashe wa kowa girbi, shi ya sa dattawa ke faɗin ranar da za a shiga da ranar da za a bar tafkin ya huta.

In an fito tudu aiki bai ƙare ba. A shanya ta a rana, a tsince ciyawa da ƙwari, a soya ta a tukunyar ƙarfe da aka karkata a kan wuta, ana juyawa da muciya ba tsayawa don kada ta ƙone. Sannan a haƙa rami a shimfiɗa fata, a zuba, wani mara nauyi ya sa sabon takalmin fata ya dafa sanduna biyu ya yi ta murza ta da ƙafa har ɓuntu ya rabu da ƙwaya. Daga nan mata su sheƙe ta da faifan ɓawo. Kafin kowa ya ɓoye nasa sai an dafa ta farko an yi walimar godiya. Masaniyar tarihi Brenda Child, wadda ita ma Ojibwe ce daga Red Lake, ta nuna a rubuce-rubucenta cewa wannan harka a hannun mata take tun asali, sai a shekarun 1930, da tattalin arzikin Amurka ya karye aiki ya yi wuya, maza suka shigo da yawa, hukumomi kuma suka fara tsara girbin da lasisi. Ke nan Maude ta ga shinkafa tun tana mulkin tsofaffin mata, ta kuma ga yadda ta koma abin da ma'aikacin jiha ke ba da izni a kansa.

Hunturun Minnesota ba abin wasa ba ne, sanyi kan sauka ƙasa da digiri 30 a bayan sifiri. Lokacin ne na ɗana wa zomo tarko, da huda ƙanƙarar tafki a kama kifi, da ɗinki a gefen wuta. Lokacin ne kuma na labaran Wenabozho, gwarzon hikayoyinsu, waɗanda ba a bayar da su sai dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, kamar yadda a wajenmu ba a yin tatsuniya da rana.

Ta haɗu da Martin Kegg a 1917 a wajen wani taron Midewiwin, addinin gargajiyarsu, a zamanin da hukuma ke hana irin waɗannan taruka. Suka yi aure bisa al'ada a 1920, suka sake ɗaurawa a coci a 1922. Sai a 1924, tana matar aure, majalisar Amurka ta yi dokar da ta amince cewa duk 'yan asalin ƙasar 'yan ƙasa ne. A 1942 suka koma da zama Shah-bush-kung a bakin tafkin Mille Lacs. Rainon yara goma sha ɗaya a irin wannan wuri, cikin shekarun talauci da yaƙin duniya, ba ƙaramin aiki ba ne. A zamanin nan masu gadin daji na jiha suna kama Ojibwe in sun same su da barewa ko taru a wajen yankinsu, su ƙwace kayan aiki, kamar ba a taɓa rubuta yarjejeniyar 1837 ba. Matan Mille Lacs da yawa da aikin hannu suka riƙe gidajensu, suna saƙa kwanduna da kayan ado suna sayar wa masu yawon buɗe ido da ke zuwa kamun kifi. Babbar kasuwarsu ita ce kantin Harry da Jeannette Ayer da ke bakin tafkin.

Wannan kantin ne ya zama ƙofar aikin da duniya ta san ta da shi. A 1959 iyalan Ayer suka miƙa wurin da tarin kayan Ojibwe da suka adana ga Ƙungiyar Tarihi ta Minnesota, aka buɗe gidan tarihi a 1960. A 1968, shekarar da mijinta ya rasu, Maude ta fara aiki a can tana zagayawa da baƙi tana yi musu bayani, tana da shekara sittin da 'yan kai. Tana cikin waɗanda suka yi aikin ɗakin yanayi huɗu, inda aka kafa bukkoki da sansanin sukari da na shinkafa da girmansu na gaske, da mutum-mutumin da aka zuba daga siffar ainihin mutanen Mille Lacs. Gidan tarihi wuri ne mai haɗari ga al'ummar da ke raye, domin yana iya sa baƙo ya fita da tunanin cewa mutanen sun ƙare, kayansu kawai suka rage. Amma wanda ya shiga ɗakin nan ya tarar da tsohuwar da ta kwana a irin bukkar, ta hura wuta a ƙarƙashin irin tukunyar, ta kuma san wace igiya ake ɗaure wace sanda da ita, da wuya ya fita da wannan tunanin. Ita ce mai wurin, baƙo kuma baƙo ne.

Hannunta ma bai huta ba. Ta shahara da aikin ƙananan duwatsun ado na gilashi, masu zanen furanni da ganyaye irin na Ojibwe. Mafi wuyar wannan sana'a ita ce gashkibidaagan, babbar jakar rataye mai faffaɗan maɗauri da ake lulluɓe ta da duwatsu tun daga sama har ƙasa, ana ratayawa a kafaɗa ranar taro. Jaka guda kan ci watanni, kuma a tsakiyar ƙarni na 20 masu iya yin ta sun kusa ƙarewa. Maude tana cikin ƙalilan da suka ci gaba da yi, ta kuma koya wa na bayanta. 'Yarta Betty Kegg ta gaji sana'ar.

Duk da haka, in za a tambaye ni abin da ya fi nauyi cikin gadonta, zan ce maganarta. A farkon shekarun 1970 wani matashin masanin harshe mai suna John Nichols ya fara zama da ita yana ɗaukar muryarta a kaset. Ta ba shi labarai da Ojibwe, shi ya rubuta su da tsarin rubutun da ke ninka wasali don nuna tsawonsa, suka zauna tare suna gyarawa suna fassarawa. Daga wannan zama aka sami littafin Gabekanaansing a 1978, da Nookomis Gaa-inaajimotawid, wanda ya tattara abin da kakarta ta ba ta labari, sannan Portage Lake a 1991, wanda aka jera labaransa bisa yanayi huɗu na shekara, Ojibwe a shafi guda, Turanci a shafin da ke kallonsa, da jerin kalmomi a ƙarshe don mai koyo. Tana kuma cikin manyan waɗanda aka ɗebo kalmomi daga bakinsu wajen haɗa ƙamus ɗin da Nichols da Earl Nyholm suka fitar a 1995, mai ɗauke da kalmomi sama da 7,000.

Kafin ita an yi rubutu da yawa a kan Ojibwe. Frances Densmore, alal misali, ta zagaya Minnesota ta tattara waƙoƙinsu da al'adunsu, ta fitar da littafinta kan al'adun Chippewa a 1929, kuma aiki ne mai amfani. Sai dai a irin waɗannan littattafai baƙo ne ke tambaya, shi ke zaɓen abin da ya cancanci rubutawa, da Turanci kuma ake adanawa. Maude ta zaɓi nata da kanta, abin da ta zaɓa kuwa ƙanana ne: yarinya mai son sanin komai tana bin kakarta, abin da aka hana ta taɓawa, abin da ya ba ta tsoro, yadda aka yi wani aiki a wata rana. Ba ta tsaya kan sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Wannan zaɓi nata daidai ne, domin harshe yana zaune ne a irin waɗannan wurare, a yadda tsohuwa ke tsawata wa yaro, da sunan kowane mataki na soya shinkafa, da yadda ake faɗin cewa ruwan bishiya ya fara gudu. In waɗannan suka ɓace, ko an adana jawaban shugabanni duka, babu uwar da za ta iya rainon ɗanta da abin da ya rage. Tun da ita mai jin Turanci ce sosai, da ta so da ta ba da labaran da Turanci an gama cikin sauƙi, masu karatu ma sun fi yawa. Ta bi doguwar hanya, ta faɗe su yadda ta ji su.

Girmamawa ta zo mata a ƙarshen rayuwa. Gwamnan Minnesota, Rudy Perpich, ya ayyana 26 ga Agusta 1986 a matsayin ranar Maude Kegg a jihar. A 1990 hukumar raya fasaha ta ƙasar Amurka ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake bai wa masu sana'ar gargajiya. A shekarar nan ce kuma majalisar ƙasar ta yi dokar kare harsunan 'yan asalin ƙasa, bayan an shafe fiye da ƙarni ana yaƙar su, kuma a shekarar ce mutanen Mille Lacs suka maka jihar Minnesota a kotu kan haƙƙinsu na 1837.

Ba ta ga ƙarshen shari'ar ba. Ta rasu a farkon 1996, watanni kaɗan kafin a buɗe sabon ginin gidan tarihin da aka mayar da ɗakin yanayi huɗu cikinsa. Ranar 24 ga Maris 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa umarnin shugaba Taylor na 1850 bai soke komai ba, haƙƙin farauta da kamun kifi da girbin shinkafa yana nan daram. Lauyoyi ne suka yi nasarar a gaban kotu, amma da a ce cikin shekara 160 ɗin nan mutane sun daina shiga ruwa, sun manta yadda ake tanƙwaro zangarniya, da hukuncin ya tarar da haƙƙin da babu mai amfani da shi. Mata irin Margaret Pine da jikarta ne suka sa ya tarar da masu shi.

Harshen kuwa har yanzu yana cikin haɗari. Waɗanda suka tashi da shi a baki tun daga goyo a Mille Lacs sun zama ƙalilan, kusan dukansu tsofaffi. Makarantun Nay Ah Shing na al'ummar suna koyar da shi ga yara. A 2012 Jami'ar Minnesota ta buɗe ƙamus na Ojibwe a intanet ƙarƙashin jagorancin John Nichols ɗin nan, inda mai koyo zai danna kalma ya ji muryar dattijo yana furta ta. Daga baya kuma hukumar al'ummar Mille Lacs ta tara sauran dattawanta masu harshen, aka ɗauki labaransu aka buga su littattafai da Ojibwe zalla, ba fassara, aka kuma haɗa darussan kwamfuta tare da kamfanin Rosetta Stone, waɗanda aka fara fitarwa a 2022.